Ko Cin Amanar Aure Yana Bin Jini?

Gabatarwa

A unguwannin zango na Bolgatanga da Bawku, inda Hausa ta zama harshen kasuwa da na maƙwabtaka tsakanin kabilu dabam dabam, akwai maganar da akan ji duk sa'ad da asirin mai aure ya tonu. In namiji ne, sai a ce, "Ai jininsu ne, haka ubansa ya yi." In kuwa mace ce, sai a ce, "A nono ta sha, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Maganar ɗaya ce, amma aikinta biyu ne. Ga namiji takan zama uzuri, har a roƙi matarsa ta yi haƙuri da abin da wai ba shi da iko a kansa. Ga mace kuwa takan zama hukunci, ba a kanta kaɗai ba, har da 'ya'yanta mata waɗanda ba su yi laifin kome ba.

Masu bi ba su kuɓuta daga wannan tunani ba. Dattawan ikilisiya sukan gamu da magidancin da ya faɗi, ya kuma jingina faɗuwarsa ga kakanninsa. Sukan kuma gamu da iyayen da suka hana ɗansu auren yarinya mai tsoron Allah saboda labarin uwarta. Daɗin daɗawa, matasa suna karantawa a wayoyinsu cewa masana sun gano "ƙwayar cin amana" a jikin mutum. Saboda haka tambayar ta cancanci amsa ta gaskiya. Akwai shaidu uku da ya kamata a saurara: al'ada, da kimiyya, da Maganar Allah.

Abin da mutanen dā suka lura

Mutanen dā ba su yi wauta ba da suka ce hali yana bin gida. Makiyayin da zai sayi karsana yakan tambayi labarin uwarta. Manomi yakan keɓe zangarniya mafi kyau domin iri. Daga nan ne binciken asali kafin aure ya samo tushe. Amma Bahaushen da ya yi karin maganar barewa, shi ne kuma ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, gama ya sha ganin ɗan mutumin kirki ya lalace, ya kuma ga ɗan mashayi ya zama abin koyi.

A duwatsun Tongo, kudu maso gabashin Bolgatanga, wani masanin al'adu mai suna Meyer Fortes ya zauna tare da Talensawa tsakanin 1934 da 1937. A littafin da ya buga a 1959, inda ya gwama tunaninsu da labarin Ayuba, ya bayyana cewa sun gaskata mutum yakan furta rabonsa tun kafin a haife shi. Da wannan ake bayyana masifu irin su mutuwar 'ya'ya a kai a kai. Duk da haka ba su ɗauki mugun rabo abin da ba shi da makawa ba, gama suna da hanyar al'ada ta kore shi. Zinar matar aure kuwa, al'adun yankin sun ɗauke ta laifi ne wanda dole a furta, a kuma yi tsarkakewa. Wato ko kafin bishara ta iso Navrongo a 1906, an riga an bambanta masifar da ta auko wa mutum da laifin da ya aikata da kansa.

Tarihin Salaga kuma yana da gargaɗi. A ƙarni na 19 garin ya shahara da cinikin goro, ya kuma shahara da kasuwar bayi. Bayan yaƙin basasar 1892 fatake suka watsu zuwa waɗansu garuruwa, amma sunan "ɗan bawa" ya ci gaba da bin mutane tsara bayan tsara. Wanda ya san wannan tarihi ya san irin zaluncin da maganar jini take iya ɗauka.

Abin da yake bin jini da gaske

Akwai abubuwan da gadonsu ya tabbata. Wanda ya fara bayyana ƙa'idodin gado wani limamin Kirista ne, Gregor Mendel, wanda ya yi gwaji da wake a lambun gidan sufaye, ya buga sakamakonsa a 1866. Yau an san cewa mutum yana da ƙwayoyin gado wajen 20,000, rabi daga uba, rabi daga uwa.

Misalin da kowa ya sani shi ne cutar sikila, wato amosanin jini. Wani likitan Ghana, Felix Konotey-Ahulu, wanda ya yi shekaru yana lura da masu wannan cuta a asibitin Korle Bu, ya bi sawunta a cikin danginsa har zuwa shekarar 1670. Lissafinta a fili yake. In miji da mata duka suna ɗauke da ƙwayar sikila, kowane ciki yana da hatsarin ɗaya cikin huɗu na haifar yaro mai cutar. Shi ya sa ikilisiyoyi da yawa suke neman takardar gwajin jini kafin a ɗaura aure, sun kuwa yi daidai.

Amma a lura da abu biyu. Sikila daga ƙwayar gado guda take fitowa, kuma ba ta neman yardar mai ita. Yaro ba ya shirya ciwon ƙashi, ba ya ɓoye shi, ba ya yin ƙarya domin ya same shi. Zina ba haka take ba. Tana bukatar kallo, da saƙo, da alkawarin wuri da lokaci, da kuɗin mota, da ƙaryar da za a faɗa a gida. A kowane mataki akwai ƙofar komawa.

Abin da masana suka gano

Hanyar da masana suka fi bi ita ce binciken tagwaye. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya kusan duk ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne. Waɗanda suka fito daga ƙwai biyu kuwa, wajen rabi ne suka yi tarayya a kai, kamar sauran 'yan'uwa. In tagwayen ƙwai ɗaya sun fi kama da juna a wani hali, alama ce gado yana da hannu a ciki.

A 2004, masana a asibitin St Thomas na Landan, tare da Farfesa Tim Spector, sun yi wa tagwaye mata sama da 1,600, kowacce da 'yar'uwarta, tambayoyi a asirce. Suka ƙiyasta cewa kashi 41 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin matan a kan cin amana yana da alaƙa da gado. Amma sun gano wani abu kuma da jaridu ba su cika ambata ba: ra'ayin mace a kan ko cin amana laifi ne ko ba laifi ba, bai bi gado ba, tarbiyya da zaman duniya ya bi. A 2015, Brendan Zietsch na Jami'ar Queensland a Ostareliya da abokan aikinsa suka bincika tagwaye da 'yan'uwansu su 7,378 a ƙasar Finlan. Ƙiyasinsu ya haura kashi 60 ga maza, ga mata kuwa kashi 40. Duk da haka, cikin mazan da aka tambaya, waɗanda suka amsa cewa sun kwana da fiye da mutum ɗaya a shekarar ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Maganar "ƙwayar cin amana" kuwa daga ɓeraye ta taso. A Amurka akwai wani ɓeran daji da yake manne wa mace ɗaya, akwai kuma danginsa da ba ya yin haka. Bambancin yana da alaƙa da yadda ƙwaƙwalwarsu take karɓar wani sinadari mai suna basofiresin. A 2004, masana a Jami'ar Emory suka ƙara wa ɓeran mai yawo mazaunin wannan sinadari a ƙwaƙwalwa, sai ya fara manne wa mace ɗaya. A 2008, Hasse Walum na Cibiyar Karolinska a Suwidin ya duba irin wannan ƙwayar gado a jikin mutane. Cikin mazan da suka gaji wani nau'inta daga uba da uwa duka, kashi 34 sun ce zamansu da mata ya shiga mawuyacin hali a shekarar da ta gabata. Cikin waɗanda ba su da shi, kashi 15 ne suka faɗi haka.

Yadda za a karanta waɗannan alƙaluma

Mai bi ba shi da dalilin jin tsoron wannan bincike, ba shi kuma da dalilin ƙaryata shi. Abin da ake bukata shi ne a karanta shi daidai.

Da fari, binciken Suwidin rikicin aure ya auna, bai ƙirga zina ba. Ko a nan ma, kashi 66 na masu ɗauke da nau'in nan ba su ba da labarin rikici ba. Na biyu, masanan ba su daidaita a kan wannan ƙwaya ba. Binciken Landan bai ga alaƙarta da cin amana ba. Na Finlan ya ga alaƙa ga mata, bai gani ga maza ba. Har ɓeran da ake yabo ma, da aka gwada jinin 'ya'yansa a daji, an tarar waɗansu na wani uban ne. Masana a yau sun yarda cewa halayen mutum ba daga ƙwaya ɗaya suke fitowa ba, daga dubbai ne, kowacce da ɗan tasirin da bai taka kara ya karya ba. Babu gwajin jinin da zai nuna wanda zai riƙe amana.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, kashi 40 ba ya nufin cewa kashi 40 na laifin wane daga ubansa ya fito. Adadin yana magana ne a kan bambancin da ke tsakanin jama'a masu yawa, a wata ƙasa, a wani zamani. In aka shuka gero iri dabam dabam a gona ɗaya, aka ba su taki da ruwa daidai, bambancin tsawonsu daga iri ne. In aka ɗauki iri ɗaya aka shuka rabi a fadama, rabi a kan tsakuwa, bambancin daga ƙasa ne. Mutanen da aka bincika Turawan arewacin Turai ne, masu irin nasu aure da irin nasu zaman. Ba a ɗauko lissafin gonarsu a auna gonar Yendi da shi.

To, mene ne ake gāda? Ba aikin zina ba, sai dai yanayin zuciya: ƙarfin sha'awa, son sabon abu, gaggawar aikatawa kafin tunani, saurin faɗa wa giya. Irin wannan yanayi ba zunubi ba ne a kan kansa. Ƙarfin zuciyar da yake kai wani ɗakin matar maƙwabcinsa, shi ne yake kai wani ƙauyen da ba a taɓa jin bishara ba.

Gona da damina

Akwai kuma abin da masu maganar jini sukan manta. Ɗa ba jini kaɗai yake samu daga ubansa ba. Yana ganin lokacin da uban yake komowa gida, yana jin yadda yake yi wa uwar magana, yana lura da yadda abokan uban suke tafa masa. Abin da ake kira gadon jini, sau da yawa gadon ido da kunne ne.

Zaman arewacin Ghana kuma yana da nasa nauyi. Damina ɗaya ce a shekara. In rani ya yi, magidanta da yawa sukan gangara kudu neman aiki a gonakin koko da wuraren haƙar zinariya, 'yan mata da matan aure kuma sukan tafi dako a kasuwannin Kumasi da Akra. Wannan rabuwa ba sabuwa ba ce. Fataken Gwanja da suke tasowa daga Kano su bi ta Yendi zuwa Salaga sukan yi watanni da yawa ba su ga iyalinsu ba. Kaɗaici, da talauci, da kuɗin da ya shigo hannu nesa da idon dangi, duk suna buɗe ƙofar jaraba ga mai kowane irin jini. Manzo Bulus ya san wannan, shi ya sa a 1 Korantiyawa 7 ya gargaɗi ma'aurata kada su daɗe a rabe.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar

Maganar Allah ba ta musun gado. A gaskiya ta fi masana zurfafawa, gama Romawa 5 ta koyar cewa dukan 'yan adam sun gaji karkata zuwa zunubi daga Adamu. Amma wannan gado na kowa ne. Ba ya raba gidaje zuwa masu tsabtar jini da masu ƙazantar jini. A Markus 7 Ubangiji Yesu ya nuna cewa zina daga zuciyar mutum take fitowa, bai kuwa keɓe zuciyar wata zuriya ba.

Waɗansu sukan kawo Fitowa 20, inda aka yi maganar laifin iyaye yana kaiwa tsara ta uku da ta huɗu. Lalle 'ya'ya suna shan wahalar abin da iyaye suka shuka. Gidan Dawuda shaida ne: bayan abin da ya yi da matar Uriya, Amnon ya ɓata 'yar'uwarsa Tamar, Absalom kuma ya ƙazantar da ƙwaraƙwaran ubansa. Amma shan wahalar laifi dabam ne da ɗaukar alhakinsa, dabam ne kuma da tilascin maimaita shi. Maimaitawar Shari'a 24 ta hana a kashe ɗa saboda laifin ubansa.

Ezekiyel 18 ce ta warware maganar sarai. Mutanen zamanin annabin suna da karin magana mai ɗora wa iyaye alhakin wahalar 'ya'ya, Ubangiji kuwa ya hana su faɗarta. Sa'an nan ya ba da misalin tsara uku: kaka adali, da ɗansa mugu, da jikan da ya ga dukan abin da ubansa ya yi, ya yi tunani, ya ƙi bin sawunsa. Cikin zunuban da aka lasafta a dukan tsara ukun har da ƙazantar da matar maƙwabci. Jini ɗaya ne yake gudana a jikinsu su uku, amma kowa da hanyarsa, kowa kuma da sakamakonsa.

Haka yake a gidan Yakubu. Ra'ubainu ya kwana da ƙwarƙwarar ubansa. Farawa 38 ta ba da labarin faɗuwar Yahuza, sura ta 39 kuma ta ba da labarin Yusufu, bawa a baƙuwar ƙasa, nesa da idon kowa nasa, wanda ya bar rigarsa ya gudu. Ubansu ɗaya. Abin mamaki kuma, ta zuriyar Yahuza ne Almasihu ya zo. Asalin da Matiyu ya rubuta a sura ta fari bai ɓoye Tamar, ko Rahab, ko matar Uriya ba. Da iyayen da suke bincike a yau sun ga irin wannan asali, da wataƙila sun hana 'yarsu shiga gidan.

Wata ƙara da ta cancanci amsa

Mai tunani zai iya cewa, "In wani ya gaji sha'awa mai ƙarfi, wani kuwa mai sanyi, ashe ba rashin adalci ba ne a auna su da mudu ɗaya?" Wannan tambaya tana da nauyi. Gaskiya ne kayan ba ɗaya ba ne. Akwai wanda riƙon amana bai taɓa yi masa wuya ba, akwai kuma wanda yake kokawa kowace rana. Allah ne kaɗai ya san nauyin kayan kowa, shi ya sa wanda bai faɗi ba ba shi da abin fariya. Amma nauyin kaya dalili ne na neman mai taimako, ba na zubar da kayan a kan matar da ta ba da amana ba. 1 Korantiyawa 10 ta yi alkawari cewa Allah ba zai bari a gwada mai bi fiye da ƙarfinsa ba, zai kuma buɗe mafita. Shari'ar ƙasa ma haka ta ɗauka. Dokar kisan aure ta Ghana ta 1971 ta lasafta zina cikin abubuwan da suke nuna aure ya rushe, ba ta kuwa tambayi halin kakan mai laifin ba.

Tarihin Ikilisiya a Afirka yana da shaida. An haifi Agustin a 354 a Tagaste, cikin ƙasar Aljeriya ta yau. Shi da kansa ya rubuta cewa ubansa Patrisiyus ya ci amanar uwarsa Monika. Agustin ya tashi da sha'awa mai ƙarfi, ya zauna da mace ba aure shekaru da yawa, ya rabu da ita domin a yi masa aure, ya kasa jira, ya ɗauki wata. Duk mai kallo zai ce ɗa ya gaji ubansa. Amma a 387 aka yi masa baftisma a Milan, ya zama bishop na Hippo, ya kuma riƙe kamewa har mutuwarsa a 430. Uban ma ya ba da gaskiya kafin ya rasu. An ce hali zanen dutse ne, amma wanda ya yi dutsen yana da ikon sāke zanen.

Abin da ya wajaba ga ikilisiya

Ga wanda ya faɗi ya ce jini ne, dattawa su karɓi gaskiyar da ke cikin maganarsa, su ƙi ƙaryar. Wanda ya san akwai ciwon sukari a gidansu ba ya ƙara shan zaƙi, ragewa yake yi. Haka wanda ya san rauninsa, shi ya fi kowa bukatar shinge: barin giya, da buɗe wa matarsa wayarsa da lissafin kuɗinsa, da samun ɗan'uwa mai bi wanda zai riƙa tambayarsa gaskiya, da taƙaita zaman ci rani ko tafiya da iyali in da hali. Tuba ba ta farawa sai mutum ya ce shi ne ya aikata, kamar yadda Dawuda ya amsa a gaban Natan.

Ga matar da aka ci amanarta, kada a rufe mata baki da cewa haka maza suke. Wannan magana zagi ce ga dukan mazajen da suka riƙe alkawari. A saurare ta, a kula da lafiyarta, gama cin amana yakan shigo da cuta gida. A kuma auna namiji da mace da mudu ɗaya, yadda Ubangiji ya nuna a Yahaya 8 sa'ad da aka kawo mace ita kaɗai, aka bar abokin laifinta.

Ga iyayen da suke binciken aure, su nemi gwajin sikila, su kuma binciki halin saurayin da na yarinyar su kansu: gaskiyarsu, da riƙon alkawarinsu, da irin abokansu. Wanda ya tashi a rusasshen gida yana bukatar shawara da gidan masu bi da zai koya daga gare shi, ba a rufe masa ƙofa ba.

Kammalawa

Shaidun nan uku sun haɗu a wuri ɗaya. Gado yana da hannu a yanayin mutum, yakan sa hanyar wani ta fi ta wani santsi. Amma bai taɓa ɗaukar ƙafar kowa ya kai shi ƙofar da ba tasa ba. Saboda haka jini ba ya wanke mai laifi, ba ya kuma ƙazantar da ɗansa ko 'yarsa. Jikan da Ezekiyel ya kwatanta yana nan a kowace ikilisiya, daga Salaga har Bawku: ya ga abin da aka yi a gidansu, ya san zafinsa, ya ƙudura cewa a kansa abin zai tsaya. Aikin jama'ar Allah shi ne su tsaya tare da shi, su kuma ba shi 'yarsu da farin ciki.